Direbobin Ma'aikatu a Kaduna da Tarihin Kiyaye Haɗurra

Kaduna gari ne da aikin gwamnati ya haifa, shi ya sa tun farko motar ma'aikata ta samu gindin zama a cikinsa. Bayan da aka ɗauke hedikwatar Jihar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a wajen 1917, ofisoshi da barikokin soja da gidajen manyan ma'aikata suka taru a arewacin kogi. Jirgin ƙasa ne ke ɗaukar kaya masu nauyi a lokacin, motocin da ake da su kuma 'yan kaɗan ne, akasarinsu na ma'aikatar ayyuka, wadda aka fi sani da PWD, da na soja da na kamfanonin Turawa.

Direban wancan zamani ba a makaranta yake koyon tuƙi ba. Yaron mota yake farawa, ya wanke ta, ya sa mata weji a kan gangara, ya riƙe wa maigidansa sifana, sai bayan shekaru a miƙa masa sitiyari. Da gwamnati ta ɗauke shi, sai ya shiga wani tsari dabam. Kowace mota tana da littafinta, inda ake rubuta lokacin fita da na dawowa da nisan tafiya da man da aka sha, akwai kuma jami'in sufuri mai ba da izinin fita. Don tsare dukiyar hukuma aka ƙirƙiro littafin, amma ya taimaka wajen tsare rayuka, domin direban da ya san za a tambaye shi inda ya kwana ba ya sakin jiki. Har yau a tsarin aikin gwamnati akwai muƙamin direba kuma bakanike, wanda sai an ci jarrabawar sana'a ake hawansa.

Yawan motoci ya ƙaru a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, lokacin da ma'aikatun Jihar Arewa ke aika jami'ansu larduna, daga Sakkwato har Borno. Jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa a 1966, ita ma ta dogara da direbobi wajen kai ta garuruwa masu nisa da wuri, kuma irin wannan aiki na tsere da agogo shi ne mafi haɗari a sana'ar.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma hannun dama, aka yi ta faɗakarwa a rediyo kafin ranar. Bayan shekara 3 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kudu da kogi, ƙirar 504 ta zama motar ofis a ko'ina. Kuɗin fetur ya cika tituna da motoci masu gudu, alhali horon direba bai canza ba. A Fabrairun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, daga 2003 kuma ta tilasta ɗaura bel.

A wannan shekara ta 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan manyan ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis, aka sayar da motoci da yawa, direbobi da dama suka rasa aiki. Tun daga nan rukunin motocin bankuna da kamfanonin waya da na rarraba kaya da ƙungiyoyin agaji suka fi fitowa fili a Titin Ahmadu Bello da na Ali Akilu.

Babban sauyi ya zo a 2007, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙaddamar da tsarin da ya shafi duk mai mota 5 ko fiye: ya yi rajista, ya buɗe sashen kiyaye haɗurra da jami'i mai kula da shi, ya riƙa horar da direbobi da duba lafiyar motoci. A da, idan mota ta faɗi, direba kaɗai ake tuhuma. Yanzu doka na tambayar mai motar ma: yaushe aka sauya taya, wa ya duba birki, awa nawa mutumin ya yi bai runtsa ba. Daga 1 ga Fabrairu, 2017 aka fara kama motocin haya da ba su da na'urar taƙaita gudu, kamfanoni da yawa kuma suka saka na'urar bin sawu, wadda ke nuna wa ofis inda mota take da irin gudun da take yi. A cikin gari, jami'an KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, sun maye gurbin jami'an duba motoci na VIO, sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a 2022 kuma ta sassauta cunkoson mashigar hanyar Zariya.

Abin da dokokin nan ba su cika kaiwa gare shi ba shi ne kujerar baya. Maigidan da ya makara a taro ya ce wa direba ya taka a hanyar Zariya ko ta Abuja ba ya shiga rahoton haɗari, direba kuma ba ya iya musa masa, don abincinsa na hannunsa. Saboda haka wasu kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suka rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba a fita doguwar tafiya bayan faɗuwar rana, kuma direba na da ikon ƙin tayar da mota har sai kowa ya ɗaura bel, komai girman muƙaminsa.