Lesin a yankin Funtua da Malumfashi

Lesin ƙarin darasi ne da ake yi wa yara bayan an tashi daga makarantar boko, iyaye kuma su biya kuɗi a wata ko a zango. Kalmar aro ce daga Turanci. A Funtua da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, lesin ya zama sana'a ga malamai da matasan da suka gama karatu ba su samu aiki ba.

Yadda ake gudanar da shi

Wasu malamai kan bi gida-gida, wasu kuma su tara yara a zaure ko su kama hayar aji. An fi koyar da lissafi da Turanci da kimiyya, musamman ga masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Tun daga 2015 da JAMB ta koma rubuta jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, koyar da kwamfuta ya shiga cikin harkar.

Tsarin hayar suna

A wasu ƙasashe kamfani ne ke ba mutum izinin buɗe reshe da sunansa, ya ba shi manhaja da horo, shi kuma ya biya kuɗin shiga da wani kaso na abin da yake samu. Fitaccen misali shi ne Kumon, wanda malamin lissafi Toru Kumon ya kafa a Osaka ta ƙasar Japan a 1958. Nijeriya ba ta da doka ta musamman a kan wannan tsari, sai dai hukumar NOTAP ce ke rajistar irin wannan yarjejeniya idan da kamfanin waje aka ƙulla ta. A wannan yanki masu lesin galibi zaman kansu suke yi, domin kuɗin da iyaye ke iya biya ba zai ɗauki nauyin kason kamfani ba.

Lokacin matsin tattalin arziki

Tattalin arzikin Nijeriya ya karye a 2016 da 2020, kuma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. A irin wannan yanayi mutane kan koma ga lesin saboda ba ya buƙatar jari mai yawa: allo da alli da benci sun isa a fara. Rufe makarantu a 2020 saboda cutar korona, da rufe na kwana bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar wannan shekarar, sun bar yara da yawa a gida.

Ƙalubale

Arzikin yankin ya dogara ne ga noman masara da dawa da auduga da waken suya. Da damina kuɗin magidanci kan tafi wajen taki da ƙwadago, yara kuma su tafi gona, sai da kaka kuɗi ke shigowa. Saboda haka mai lesin kan bi iyaye bashi na watanni. Haka kuma Islamiyyar yamma, wadda aka saba yi daga Asabar zuwa Laraba bayan la'asar, tana cin lokacin da lesin ke buƙata, shi ya sa wasu ke mayar da darasinsu Alhamis da Juma'a ko lokacin dogon hutu.