Farin Ruwa da Baƙin Ruwa: Tarihin Dabarar Rarrabe Igiyoyi



Tun kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, Gungawan ƙasar Yauri da Sarkawa masunta sun san cewa Kwara sau biyu take cika a shekara. Farin ruwa, mai laka, na daminarmu ne, yakan tumbatsa wajen watan Satumba. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana da hunturu. To, amma ma'aunin da ke bakin kogi layi ɗaya tak yake bayarwa, mai hawa da sauka. In mai kula da ƙofofin madatsa ya kasa rarrabe biyun, ko dai ya saki ruwa lantarki ya yi ƙaranci da rani, ko ya riƙe shi gonakin bakin tafki a Ngaski su nutse.

A 1822 ne Joseph Fourier, mutumin Faransa, ya nuna cewa ana iya warware irin wannan layi zuwa igiyoyi daban-daban. Sai dai igiyoyinsa ba su da farko, ba su da ƙarshe: sukan shaida maka akwai cikowa, amma ba sa faɗin yaushe ta zo. Alfred Haar ya kawo gajeriyar igiya a 1909, ba a kula shi sosai ba. Abin mamaki, injiniyan neman man fetur ne ya farfaɗo da zancen, wato Jean Morlet, wanda yake sauraren amsa-kuwwar ƙarƙashin ƙasa. Shi da Alex Grossmann suka daidaita lissafin a 1984: igiya guda, a miƙe ta ko a taƙure ta, a yi ta gusar da ita bisa layin. Ingrid Daubechies kuma ta samar da irin da kwamfuta ke sarrafawa cikin sauƙi a 1988.

Daga nan dabarar ta shiga aikin hoto. A 1994 Donoho da Johnstone suka nuna cewa in an warware saƙo ko hoto haka, dusashewarsa takan watsu cikin ƙananan lambobi, ainihin siffa kuwa ta taru cikin manya. Sai a tankaɗe, a zubar da ƙananan. A nan nake da ja. Girman idon rariyar, mutum ne ke zaɓensa. Kuma a hoton tafkin nan da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, kwalekwalen masunci ɗigo ne kawai, wanda rariya mai faɗin ido za ta zubar tare da dusa.