Kofin Memorial: Tarihin Gasar Hokin Ƙanƙara ta Matasan Kanada da Zakarunta

Kofin Memorial shi ne kofin da ake bai wa zakaran babbar gasar hokin ƙanƙara ta matasa a Kanada, gasar 'yan shekara 16 zuwa 20. Tun 1919 ake ba da shi, kuma sau biyu kaɗai aka yi fashinsa, a 2020 da 2021, saboda annobar korona. Rasha na da tata gasar matasan, MHL, wadda aka kafa a 2009, Amurka kuma na da USHL da Kofin Clark, amma duk ba su kama ƙafar ta Kanada wajen daɗewa ba. Daɗewar ce kuma take ruɗin masu jera sunayen zakaru. Sukan fara daga 1919 su gangaro har yau a layi ɗaya, sannan su ƙirga wa kowace ƙungiya nasarorinta, kamar dai gasa ɗaya aka yi ta maimaitawa fiye da shekara ɗari. Ba haka abin yake ba. Kofi ɗaya ne, amma sharuɗɗan ɗaukarsa sun sauya sau da dama, kuma sauyin da ya fi kowanne girma ya faru ne a kakar wasa ta 1970 zuwa 1971. Wanda bai raba jerin a wannan gaɓa ba, hatsi yake aunawa da mudu biyu masu girma daban, yana tara lissafin wuri guda.

Asalin kofin ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar hoki ta lardin Ontario, OHA, ita ta ba da shi a 1919 domin tunawa da sojojin Kanada da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, bisa shawarar James Sutherland na garin Kingston, kuma a 2010 aka faɗaɗa tunawar ta haɗa duk sojojin ƙasar da suka rasu a fagen daga. Ƙungiyar University of Toronto Schools ce ta fara ɗauka. Ta kara da Regina Patricias wasa biyu, aka haɗa jimillar ci, ta tashi 29 da 8. A waɗannan shekaru ƙofa a buɗe take ga kowace ƙungiyar matasa mai rajista da hukumar ƙasa, CAHA, ko ta makaranta ce, ko ta unguwa, ko ta ƙaramin gari. Ana yin sharar fage a larduna, zakaran Yamma ya ɗauki Kofin Abbott, zakaran Gabas kuma, daga 1932, ya ɗauki Kofin George Richardson, sai su haɗu a karawar ƙarshe. Abbott da Richardson duk 'yan wasa ne da suka mutu a wancan yaƙi. A 1934 aka raba matasan rukuni biyu, A da B, aka keɓe kofin ga rukunin A. Karawar ƙarshe ma ta yi ta tsawo, har a 1943 ta zama wasa bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauka.

Tun a wannan zamani akwai saɓani a lissafi. Wasu majiyoyi suna ba Regina Pats kofi uku, na 1925 da 1930 da 1974, wasu kuma huɗu, domin suna ƙara na 1928 wanda Regina Monarchs ta ci, ƙungiyar da ke da alaƙa da Pats. Mafi aminci shi ne a rubuta sunan da aka buga wasan da shi, a bar zancen gado a gefe. In ba haka ba, sai a rasa inda za a sa nasarar Ottawa-Hull Junior Canadiens ta 1958, wadda reshe ce ta gidan da ya ci kofin a Montreal a 1950 da 1969 da 1970.

Zamanin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa 1970, domin a nan ne jerin zakaru ya daina nuna ƙarfin garuruwa, ya koma nuna ƙarfin aljihun manyan ƙungiyoyin ƙwararru. Har zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kawai a gasar NHL, kuma kowace tana ɗaukar nauyin ƙungiyoyin matasa. Yaron da ya sa hannu a takardarta ya zama nata, ita za ta tura shi inda take so ya goge. Toronto Maple Leafs na riƙe da Marlboros da St. Michael's, Montreal Canadiens na da Junior Canadiens, Detroit na da Edmonton Oil Kings da Hamilton, Boston kuma na da Oshawa Generals, inda Bobby Orr ya tashi. Mafi yawan waɗannan gidajen reno a Ontario suke, saboda haka haziƙan yara suka yi ta kwarara can. Sakamakon a bayyane yake: daga 1949 zuwa 1970 an yi karawar ƙarshe 22, Yamma ta ci huɗu kacal, wato Flin Flon Bombers a 1957, Winnipeg Braves a 1959, da Edmonton a 1963 da 1966. Edmonton ta kai karawar ƙarshe shekara bakwai a jere, daga 1960 zuwa 1966, biyu kawai ta samu. Wannan ne ya sa har yanzu ake ba da labarin 1957. Flin Flon ƙaramin garin haƙar ma'adinai ne a kan iyakar Manitoba da Saskatchewan, abokan karawarta kuwa zaɓaɓɓun yaran Montreal Canadiens ne da Sam Pollock ke jagoranta, Scotty Bowman na taimaka masa. Sai da aka kai wasa na bakwai kafin 'yan ƙaramin garin su ɗauka. Toronto Marlboros, wadda ta fi kowa da kofi bakwai, huɗu daga ciki a wannan zamani ta same su, a 1955 da 1956 da 1964 da 1967.

Tsarin ɗaukar nauyin ya rushe a ƙarshen shekarun 1960. NHL ta fara zaɓen sababbin 'yan wasa a 1963, ta ninka ƙungiyoyinta a 1967, zuwa 1969 zaɓen ya zama hanyar da kowa ke bi. Ƙungiyoyin matasa suka koma neman kuɗin shiga da kansu, manyan cikinsu kuma suka gaji da ɓata lokaci da ƙanana. A Yamma, Bill Hunter da Scotty Munro suka jagoranci kafa sabuwar gasa a 1966, wadda ita ce WHL ta yau, suka shiga takun saƙa da CAHA kan iko da kuma iyakar shekarun 'yan wasa. Wannan rikici ya taɓa jerin zakaru kai tsaye. A 1969 da 1970 gasar Yamma tana waje da hukumar ƙasa, don haka zakaranta, Flin Flon, ba ta nemi kofin ba. Regina Pats da Weyburn Red Wings ne suka wakilci Yamma, Montreal Junior Canadiens ta Gilbert Perreault kuma ta lallasa kowacce wasa huɗu a jere. Babu mai musun ƙarfin waccan ƙungiya ta Montreal, amma gaskiya ita ce ba ta haɗu da mafi ƙarfin Yamma ba. Lardin Quebec ma ya haɗa tasa babbar gasar, QMJHL, a 1969.

A 1970 aka yanke shawarar raba rukunin A gida biyu, aka fara aiki da ita a kakar da ta ƙare a 1971, abin da ya sa wasu ke rubuta shekarar farko wasu ta biyu. Shekarar 1971 ta fi dacewa, domin a ita aka fara ba da kofuna biyu: Kofin Memorial ga manyan gasanni, da sabon Kofin Centennial ga sauran, wanda Red Deer Rustlers ta fara ɗauka. A wannan shekarar ce kuma tsohon tsarin Gabas da Yamma ya mutu a idon jama'a. Neman Kofin Richardson ya haɗa Quebec Remparts ta Guy Lafleur, wanda ya ci 130 a kakar, da St. Catharines Black Hawks ta Marcel Dionne, ɗan asalin Quebec da ya zaɓi yin wasa a Ontario. Watanni kaɗan ke nan da rikicin 'yan awaren Quebec na Oktoban 1970, zukata ba su huce ba tsakanin masu Faransanci da masu Turancin Ingilishi. A wasa na huɗu a birnin Quebec aka yi ta dambe a fili, 'yan kallo suka yi ta jifan baƙi, sai da 'yan sanda suka raka su, taron jama'a kuma ya bi motarsu. Aka kai wasa na biyar Toronto, St. Catharines ta ci, amma ta ce ba za ta koma Quebec ba don tsoron lafiyar yaranta. Hukuma ta ba Remparts nasara, ita kuma ta doke Edmonton wasa biyu a jere ta ɗauki kofin. Daga wannan shekara ba a sake ba da Kofin Richardson ba. A 1972 aka koma tara zakarun manyan gasanni uku a gari ɗaya, kowa ya kara da kowa, sannan wasan ƙarshe guda. Cornwall Royals ce ta ci a Ottawa.

Ana iya cewa 1975 ce ta fi cancanta a raba tarihin a kanta, tunda a ita aka kafa uwar ƙungiyar da ake kira CHL yanzu, ko kuma 1980, lokacin da gasar Ontario ta tsaya da ƙafarta da sunan OHL. Waɗannan sauye-sauye ne na ofis da suna. Ba su canza wa zai iya neman kofin ba, ba su canza yadda ake cinsa ba. Abin da ya faru a 1971 da 1972 kuwa ya canza duka biyun: ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa suka rasa damar nemansa, karawar wasa bakwai kuma ta koma wasa ɗaya na a-mutu-ko-a-yi-rai. Akwai kuma masu cewa rabawar ba ta da amfani, tunda kowane wasa dokokinsa na sauyawa, kuma mafi ƙarfi shi ke ci a kowane zamani. Rabin farko na maganar gaskiya ne, rabi na biyu kuwa tarihin bayan 1983 ya ƙaryata shi.

A 1983 aka ƙara gurbi na huɗu domin mai masaukin baƙi, saboda an lura filin ba ya cika idan babu ƙungiyar gida. Portland Winter Hawks ta jihar Oregon ce ta fara cin moriyar wannan. Ta sha kashi a hannun Lethbridge a karawar ƙarshe ta WHL, amma ta ɗauki Kofin Memorial a gida, ta zama ƙungiyar Amurka ta farko da ta yi haka. Tun daga nan masu masauki da dama sun ɗauki kofin ba tare da cin gasarsu ba: Sault Ste. Marie a 1993, Ottawa a 1999, Kelowna a 2004, Vancouver a 2007, Shawinigan a 2012, Saint John a 2022, Saginaw a 2024. Misalin da ya fi fito da matsalar shi ne na Windsor Spitfires a 2017. London Knights ta fitar da ita tun zagayen farko na gasar Ontario, ta zauna fiye da mako shida tana hutawa da atisaye yayin da sauran ke ta fafatawa suna jin raunuka, sannan ta ci duk wasanninta ta ɗauki kofin. Masu kare tsarin suna cewa mai masauki ma sai ya doke zakaru uku kafin ya ɗauka, kuma ana duba ƙarfin ƙungiya kafin a ba garinta masauki. Haka ne, kuma babu wanda ya ce a goge sunayensu. Amma wanda ya ci gasar 'yan kwanaki bayan dogon hutu da wanda ya ratsa zagaye huɗu kafin ya iso ba hanya ɗaya suka biyo ba, kuma jerin da bai nuna bambancin ba ya ɓoye wa mai karatu abin da ya kamata ya sani.

Kiran mai riƙe da kofin "zakaran ƙasa" ma na buƙatar taka-tsantsan. Ƙungiyoyin Amurka sun ɗauke shi sau biyar: Portland a 1983 da 1998, Spokane a 1991 da 2008, Saginaw a 2024. A ɗaya gefen kuma, Kofin Centennial, wanda aka kira Kofin Royal Bank daga 1996 zuwa 2018, shi ne ya gaji tsohuwar al'adar ƙananan garuruwa da sharar fagen larduna. Weyburn da ta yi karawar ƙarshe ta Kofin Memorial a 1970, wancan kofin take nema a yau. Wanda ke son tarihin zakarun matasan Kanada bayan 1971 dole ya karanta jeri biyu.

Sauran zakarun wannan zamani sanannu ne. Kamloops Blazers ta ci uku cikin shekara huɗu, 1992 da 1994 da 1995, wadda ita ce bajinta mafi girma a ƙarƙashin tsarin ƙungiyoyi huɗu. Swift Current Broncos ta ɗauka a 1989, bayan haɗarin motar da ya kashe 'yan wasanta huɗu a Disamban 1986. Lardin Quebec ya jira daga 1971 har 1996 kafin Granby ta dawo masa da kofin. Oshawa ta cika biyar a 2015, London Knights ta cika uku a 2025.

Saboda haka jerin da ya dace shi ne mai kashi huɗu: buɗaɗɗiyar gasa daga 1919 zuwa 1933, zamanin rukunin A daga 1934 zuwa 1970, zamanin manyan gasanni uku daga 1971 zuwa 1982, da zamanin mai masauki daga 1983. A kuma sa alama a gaban duk zakaran da bai ci gasarsa ba. Kofi bakwai na Marlboros ya tabbata a matsayin adadi mafi yawa, amma ba hujja ba ce ta cewa ta fi Kamloops, domin ba gasa ɗaya suka ci ba.