Tarihin Ƙidayar Kifi a Tafkin Kainji, 1965 zuwa 2001

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta cewa masuntan tafkin Kainji sun fitar da kifi fiye da tan 28,000. Zuwa 1978 ƙiyasin ya faɗo kimanin tan 4,500. A 1996 sai ga shi ya haura tan 38,000, sannan cikin shekara biyar ya sake gangarowa wajen tan 13,000. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma a jere zai zaci kifin tafkin ne ke yin yawa ya ƙare, ya kuma dawowa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka samo alƙaluman: wa ya yi ƙidayar, da wane irin kayan aiki, kuma da wane harshe aka tambayi masunci. Za a ga cewa mafi yawan abin da ake kira ƙidayar kifi, ƙidaya ce ta jirage da komaye da mutane, kuma ta bakin masunta ta biyo kafin ta hau takarda.

2.0 Kogi Kafin Ya Zama Tafki

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka tare ruwan a 1968, aka yi bikin buɗewa a farkon 1969, ƙasa tana cikin yaƙin basasa. Tafkin da ya samu yana da faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300, ya miƙe daga bakin madatsar har zuwa wajen Yelwa ta ƙasar Yawuri. Ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, da tsibirin Foge, ya tayar da mutum fiye da 40,000 daga gidajensu. Daga cikin mazauna bakin ruwan akwai Gungawa da Kambari da Lopawa da Busawa, sai kuma Sarkawa, waɗanda su ne gwanayen su, kuma Hausa ce harshensu na yau da kullum.

Wutar lantarki aka nufa da ginin, kifi ya zo ne a matsayin gyara. Duk da haka an tuna da shi da wuri. Wata tawagar masana halittu daga Jami'ar Libaful ta Ingila ta yi aiki a wannan yanki na kogin, ta fitar da rahotonta na farko a 1965. Abin da suke nema shi ne sanin yadda kogin yake kafin a canza shi, domin in ba a san jiya ba, ba yadda za a auna abin da madatsar ta jawo.

Aikin ginin kansa ya ba da wata dama wadda ba kasafai ake samun irinta ba. Kogin ya rabu biyu a tsibirin Kainji, magina suka toshe reshen dama ta sama da ta ƙasa domin su yi aiki a busasshiyar ƙasa. Kifin da ya maƙale a tsakanin shingayen biyu aka tattara aka tantance, kuma Motwani da Kanwai suka wallafa sakamakon a 1970. A duk tarihin da ake bayarwa a nan, wannan ne kaɗai lokacin da aka kusa ƙirga kifi a zahiri, ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya biyo baya ƙiyasi ne.

3.0 Shekarun Farko na Tafki

A 1968 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin binciken tafkin Kainji a Sabuwar Busa, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin kulawar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar. Shirin ya zama cibiya mai zaman kanta a 1975, daga baya kuma aka mai da ita cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya.

Babban makamin masu binciken a wancan lokaci shi ne kalli, wato ragar da ake kafawa a ruwa kifi ya cusa kai ya maƙale. Sukan haɗa kalli da yawa masu ido daban-daban, daga ƙarami zuwa babba, a kafa da yamma a cire da asuba, a wurare ƙayyadaddu, wata bayan wata. Sai a rarrabe abin da aka samu, a auna tsawo da nauyi, a farke ciki a ga abin da kifin ke ci. Wannan hanya ba ta faɗin yawan kifin da ke cikin ruwa. Abin da take faɗa shi ne ko wani nau'i ya ƙaru ko ya ragu idan an gwada da bara, muddin dai raga ɗaya ce, wuri ɗaya, lokaci ɗaya.

Ta haka ne Lelek da Lewis da sauransu suka iya bayyana canjin da ya auku. Dangin miligi da sawayya, masu kiwo a ƙasan ruwa mai gudu a tsakanin duwatsu, sun ragu ƙwarai, domin ƙasan tafki mai zurfi yakan rasa iskar shaƙa a wani ɓangare na shekara. Faliya kuwa ta yi wata irin bunƙasa a shekarun farko, saboda ruwa ya malale dazuzzuka da gonaki, ciyawa da ganye suka ruɓe suka zama taki, wurin yin ƙwai ya yalwata. Bayanta karfasa ta samu gindin zama a gefe-gefen da ba zurfi. Irin wannan ambaliyar kifi ta farkon tafki an gan ta a Kariba da kuma Bolta ta Gana, kuma ko'ina ba ta daɗewa: takin yakan ƙare, masunta kuma sukan yi yawa. A Kainji an ƙara da farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, wanda ya rage ƙarfin cikowar kogin. Kwara a wannan yanki cikowa biyu take yi a shekara, farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai isowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi, kuma haihuwar kifi da yawa a kan cikowar ta dogara.

Sai dai kalli yana da zaɓe. Ba ya kama abin da ya fi idonsa ƙanƙanta, ga shi kuma itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye sun hana kafa raga a wurare da dama. Domin cike wannan giɓi aka shigo da wata dabara, wadda E. O. Ita ya yi aiki da ita sosai: a tare bakin wani lungu na tafki da raga, a zuba maganin rotinon, a tsince duk kifin da ya taso, a auna, a raba da faɗin lungun, a sami nauyin kifi a kowace hekta. (Masuntan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan sinadari ta wata fuska, domin danginsa ne ke cikin magimfa da ake dakawa a zuba a ƙorama, abin da doka ta hana masunci.) Amma lungu ba tsakiyar tafki ba ne. Can a tsakiya akwai wani ɗan mitsitsin kifi da ake kira warangi, mai yawo garke-garke, wanda kalli bai san da zamansa ba. Sai da aka yi amfani da na'urar sauraren amsa-amo da ragar da jirgi ke ja, musamman a binciken Otobo na shekarun 1970, aka gane cewa yana daga cikin mafiya yawa a tafkin. A Kariba sai da aka ɗauko irin wannan kifi daga tafkin Tanganyika aka zuba. A Kainji ɗan gida ne, tafkin kawai ya buɗe masa fili.

4.0 Daga Ruwa Zuwa Bakin Gaɓa

Tambayar da gwamnati ta fi damuwa da ita dabam ce: tan nawa ake kamawa a shekara? Wannan ba a cikin ruwa ake samun amsarta ba. A farkon shekarun 1970 masanin ƙididdiga Bazigos ya tsara hanyar da aka ci gaba da bi. Da farko a zagaye tafki a ƙirga ƙauyuka da tungaye, da masunta da jirage da kayan su. Sannan a zaɓi wasu tashoshi, a wasu ranaku, malamin ƙidaya ya tsaya da ma'auni ya auna abin da kowane jirgi ya shigo da shi. Daga nan sai lissafi: matsakaicin kamun jirgi ɗaya, sau yawan jirage, sau yawan ranakun fita su. Kuskure kaɗan a ɗaya daga cikin ukun nan yakan zama dubban tan a ƙarshen shekara.

A nan ne maganar harshe ta shigo, kuma nan ne ya kamata manazarcin harshe ya tsaya. Malamin ƙidaya ba ya shiga ruwa. Tambaya yake yi, kuma a tafkin da ya tara ƙabilu masu yawa, har da baƙi daga kudancin ƙasar da daga Mali, Hausa ce harshen tasha da kasuwa. Idan ya ce masunta nawa ne a tungar nan, amsar ta danganta ga abin da aka fahimta da masunci: mai jirgi da raga ne kaɗai, ko har da yaransa masu tuƙi da ja? Manomin da ke jefa birgi bayan girbi fa? Kalmar jirgi ita ma ta haɗa na su da na fito da na dakon kaya ranar kasuwa. Awo kuma wata matsala ce: masunci da daro da kwando da kashi yake ciniki, ba da kilo ba, kifin da aka yi banda ya riga ya zubar da mafi yawan nauyinsa, wanda aka ci a gida ko aka sayar a tsakiyar ruwa bai zo tasha ba sam. Daɗa ga tsohon zargi: a ƙasar da ta san haraji da jangali, baƙo mai takarda da alƙalami yana tambayar yawan dukiya ba ya samun cikakkiyar amsa da sauƙi, sai in ya biyo ta hannun Sarkin Ruwa.

Sunayen kifin su ne suka fi ɗaukar hankali. Masana sun lissafa kimanin nau'i 100 a wannan yanki na Kwara, kuma rabon da Hausa ta yi musu bai zo daidai da na kimiyya ba. Wani wuri sun dace: giwan ruwa nau'i ɗaya ne, haka yauni da bargi. Wani wuri kuwa suna ɗaya ya lulluɓe da yawa. Karfasa ta ƙunshi aƙalla nau'i uku da kimiyya ta rarrabe, masu abinci da halin haihuwa daban-daban. Ƙurungu ya ƙunshi fiye da goma. Warangi nau'i biyu ne. Saboda haka idan takardar ƙidaya ta nuna karfasa ba ta ragu ba, mai yiwuwa ne ɗaya daga cikin ukun ta kusa ƙarewa, wata ta maye gurbinta, sunan ya rufe asirin. Haka kuma sunan da ake faɗa a Yawuri ba lallai shi ake faɗa a Argungu ko a tafkin Cadi ba, kamar yadda karfasa da gargaza suke nunawa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana sunayen kifi da dama, amma sau da yawa bayaninsa bai isa a gane wane nau'i ake nufi ba. Littafin da Reed da Burchard da Hopson da Jenness da Ibrahim Yaro suka fitar a 1967 a kan kifi da su a Arewacin Nijeriya shi ne ya jera sunayen Hausa kusa da na kimiyya, ya zama gada tsakanin masunci da mai bincike. Abin mamaki ne a ce masu nazarin kifi sun fi masu nazarin harshe amfani da shi.

5.0 Zamanin Dala

Bayan shekarun 1970 aikin ƙidaya ya yi rauni, sai a 1993 da aka fara shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus domin bunƙasa su a tafkin. Daga nan aka riƙa zagaye tafkin kowace shekara, aka lissafa ƙauyuka da tungaye kusan 300 a jihohin Neja da Kebbi, aka bambanta masu jirgi da mataimakansu, aka ware kamun kowane irin kaya: kalli, birgi, mamari, gura da dala.

Wannan rarrabewa ita ta warware mamakin adadin 1996. Tafkin da ya ba da tan 4,500 a 1978 bai ninka kifinsa sau takwas ba. Abin da ya faru shi ne yaɗuwar dala, wato doguwar raga mai ƙananan ido ƙwarai wadda ake zagayawa da jirgi a janyo zuwa gaɓa. Ita ce ta kai ga warangin da kalli ya kasa kamawa, har kamunta ya kai kusan rabin abin da ake fitarwa. Hanyar ƙidayar ma ta fi ta da tsauri, don haka gwada adadin biyu kai tsaye ganganci ne. Amma dala ba ta zaɓe: tare da warangi takan kwaso 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa tun ba su kai haihuwa ba, wato abincin masu kalli na shekara mai zuwa.

Alƙaluman sun zama hujja. Jihohin biyu suka yi dokokin su, aka shigo da lasisi, aka haramta dala, kuma aka sa sarakunan gargajiya da Sarakunan Ruwa cikin aikin tilasta dokar. Adadin da ya kusa tan 29,000 a 1998 ya faɗo wajen tan 16,000 a 1999, ya sauka wajen tan 13,000 a 2000 da 2001. Babban ɓangare na wannan faɗuwa warangin da aka daina ja ne, wanda yana nan cikin ruwa. Wani ɓangaren kuwa ya fi wuyar aunawa. Tun daga ranar da ƙidayar jirage ta haɗu da biyan kuɗin lasisi, dala kuma ta zama laifi, malamin ƙidaya ya koma kama da ɗan sanda a idon mai tunga, kuma ragar da aka ja da tsakar dare ba ta kawo kifinta gaban ma'auni da safe.