Yadda saiwa ke gane hanyarta cikin ƙasa

Idan manomi yana shuka hatsi, ba ya duba yadda ƙwaya ta kwanta cikin rami. Duk da haka, in ruwa ya sauka, saiwa takan nufi ƙasa, tsiro kuma ya nufi sama. Saiwa ba ta da ido, amma tana jin abu biyu: inda ƙasa take, da abin da ya taɓa ta.

Yadda take gane ƙasa

A bakin kowace saiwa akwai wata ƴar hula mai kāre ta. Cikin hular akwai ƙananan ƙwayoyin sitaci masu nauyi, waɗanda ido ba ya gani. Kullum suna kwantawa ƙasa, kamar yadda gari ke kwantawa a gindin ƙwaryar fura. Idan saiwa ta karkace, ƙwayoyin sukan gangara zuwa gefen da ke ƙasa. Sai wani sinadari mai suna oksin ya taru a wannan gefe, ya rage masa saurin girma. Gefen sama ya ci gaba da tsawo, saiwa ta lanƙwasa ta koma ƙasa.

A shekarar 1880, masani Darwin na Ingila da ɗansa sun wallafa littafi a kan motsin tsirrai. Sun nuna cewa idan aka yanke bakin saiwa, ba ta ƙara gane ƙasa sai sabon baki ya fito.

Yadda take jin taɓawa

Idan bakin saiwa ya ci karo da dutse, ba ya tsayawa. Yakan bi gefen dutsen har ya samu wuri mai laushi, sa'an nan ya sake nutsewa. Amma fako daban ne. Saiwa tana fitar da wata iska mai suna etilen. A jigawa iskar takan watse tsakanin yashi. A ƙasa mai tauri kuwa takan taru kewaye da saiwa, sai saiwar ta yi kauri ta daina tsawo. Wani bincike na 2021 ya nuna haka. Shukar da saiwarta ta tsaya sama ita ce ke fara bushewa in ruwa ya yanke.

Shawarwari ga manomi

1. A fasa fako kafin damina. Tassa, irin wadda manoman Illela a jihar Tahoua suka saba haƙawa, tana tara ruwa da taki. Takin yana jawo gara, ita kuma ta huda hanyoyin da saiwa za ta bi.
2. Wajen dashen tumatir ko albasa, a jiƙa ƙasa kafin a tuge iri, don kada bakin saiwa ya tsinke.
3. Ramin dashe ya yi zurfi, kada saiwa ta lanƙwashe ta kalli sama.
4. Icen da ya daɗe cikin leda, saiwarsa takan naɗe a gindi. A yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi, a cire ledar duka kafin a dasa.

Gwaji a aji

A sa ƙwayar wake tsakanin jiƙaƙƙen tsumma da jikin kwalba. In saiwa ta fito, a kwantar da kwalbar. Kashegari a duba inda bakin saiwar ya nufa.