Ƙuntatar jijiyar jinin ƙugu ga 'yan tsere

Ƙuntatar jijiyar jinin ƙugu, wadda likitoci ke kira endofiburosis, cuta ce da ke sa bangon ciki na babbar jijiyar da ke kai jini daga ƙugu zuwa ƙafa ya yi kauri, har hanyar jini ta matse. Ta fi kama ƙwararrun 'yan tseren keke, galibi waɗanda ba su kai shekara 40 ba, ana kuma samunta a tsakanin masu gudun yada ƙanin wani. Likitoci a Turai ne suka fara bayyana ta a shekarun 1980. Ta bambanta da toshewar jijiya irin ta tsofaffi, masu shan taba da masu ciwon suga, domin a nan ba kitse ne ke taruwa ba, bangon jijiyar ne da kansa ke yin tabo.

Alamomi

Muddin mai cutar yana zaune ko yana tafiyarsa, lafiyarsa ƙalau. Sai ya matsa wa kansa, wajen hawan tudu ko a ƙarshen tsere, cinya ɗaya ta ɗauki zafi, ta ɗaure, ƙarfin ƙafar ya zube. Idan ya tsaya, cikin 'yan mintoci ciwon ya lafa. Ta fi kama ƙafar hagu. Wannan ɓoyon ne babbar illarta: a ɗakin likita bugun jijiya daidai yake, saboda haka akan daɗe ana maganin tsoka ko ciwon baya alhali matsalar tana wani wurin.

Dalilai

Ƙwararren ɗan tsere yakan yi tafiyar kilomita 30,000 a shekara, a sunkuye, cinyarsa tana naɗewa tana miƙewa sau miliyoyi. Kowace naɗewa tana lanƙwasa jijiyar a daidai lokacin da zuciya ke turo jini da ƙarfi. Tsokar cikin ƙugu da ta yi girma saboda atisaye tana ƙara jan ta, kuma ga wasu jijiyar ta cika tsawo, sai ta riƙa tanƙwarewa kamar tiyon ban-ruwa. Manomin da ke hawa kekensa daga Falgore zuwa kasuwar Rogo, zaune a miƙe kan sirdi, ba ya cikin waɗanda aka san cutar da su.

Bincike da magani

Ana auna hawan jini a hannu da idon sawu, a sa ɗan wasan ya tuƙa keke har ya gaji, a sake aunawa nan take. Idan na ƙafar ya faɗi ƙasa da kashi biyu cikin uku na hannu, akwai alamar cutar. Daga nan sai hoton jijiyoyi.

Matakin farko shi ne rage atisaye da ɗaga kan keke don rage sunkuyawa, amma wannan ba ya warkar da tabon. Wanda ke son ci gaba da gasa yawanci sai an yi masa tiyata: a tsaga jijiyar, a cire kaurin, a faɗaɗa ta da faci, wani lokaci a rage mata tsawo.

Aikin yana da haɗari. Ryan Cox na Afirka ta Kudu ya rasu ranar 1 ga Agusta 2007 yana da shekara 28, bayan jijiyarsa ta fashe kimanin mako uku da yi masa tiyata a Faransa. Ita kuwa Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa sau biyu aka yi mata aikin, a 2019 da 2020, ta kuma dawo ta ci lambar zinare a tseren keken kan duwatsu a gasar Olamfik ta Faris a 2024.