Harajin Attajirai a Amurka: Daga Kashi 7 Zuwa Kashi 94

Har farkon ƙarni na 20, gwamnatin tarayyar Amurka da kuɗin fito na kayan da ake shigowa da su take rayuwa, sai kuma harajin giya da taba. Irin wannan haraji a kan talaka yake ƙarewa, tunda shi ne duk abin da ya samu yake tafiya a ci da sha da sutura. An taɓa karɓar harajin kuɗin shiga lokacin yaƙin basasa, amma aka soke shi a 1872. Da manoman kudu da na yamma suka matsa lamba, majalisar dokoki ta sa kashi 2 cikin 100 a kan abin da ya haura dala 4,000 a shekarar 1894. Shekara na zagayowa Kotun Ƙoli ta rushe dokar. Sai da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 16 a 1913 sannan hanya ta buɗe.

Dokar 1913 ba ta da zafi. Kaso mafi girma kashi 7 ne, shi ma a kan abin da ya haura dala 500,000. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya lissafi. A 1916 aka sa harajin gado, zuwa 1918 kuwa kason ƙoli ya kai kashi 77. Hujjar ba ta da wuyar fahimta: idan za a kwashi 'ya'yan talakawa zuwa fagen daga, ba yadda za a bar dukiyar masu hannu da shuni tana kwance.

Bayan yaƙi baitulmali ya koma hannun Andrew Mellon, hamshaƙin ɗan banki daga Pittsburgh, wanda shi kansa yana cikin waɗanda harajin ya fi ci. Ra'ayinsa shi ne tsananin haraji korar kuɗi yake yi: attajiri sai ya janye jarinsa daga masana'anta ya zuba a takardun lamunin jihohi da birane, waɗanda ba a karɓar haraji a kansu. A hannunsa kason ya sauko zuwa kashi 25. Kasuwa ta yi ta bunƙasa har 1929, sannan ta rushe. Giɓin kasafin kuɗi ya sa Shugaba Hoover ya mayar da kason kashi 63 a 1932, Shugaba Roosevelt ya ƙara zuwa 79.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai abin ƙololuwa. A 1942 Roosevelt ya nemi kada kowa ya riƙe fiye da dala 25,000 a shekara bayan haraji. Majalisa ta ƙi, amma a 1944 ta amince da kashi 94. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Wannan kaso ba a kan dukkan kuɗin mutum yake hawa ba, sai a kan abin da ya ɗara dala 200,000. Wanda ya samu 250,000, dubu hamsin ɗin sama ne kaɗai ake yi wa wannan aski: a kowace dala, santi 6 ne nasa. Kuma kuɗin yaƙin ba daga aljihun attajirai kaɗai ya fito ba. Masu biyan haraji sun tashi daga kimanin miliyan 4 a 1939 zuwa sama da miliyan 40 a 1945, kuma tun 1943 ake cire harajin ma'aikaci daga albashinsa kafin ya taɓa shi.

Daga 1954 zuwa 1963 kason ya tsaya a kashi 91, galibi a zamanin Shugaba Eisenhower, ɗan jam'iyyar da aka sani da ƙin haraji. Wannan zamani ne masu son a tsananta wa attajirai suke kafa hujja da shi, domin tattalin arziki ya bunƙasa, albashi ya hau, tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi ta ragu. Gaskiya ne. Sai dai masana'antun Turai da Japan a lokacin suna farfaɗowa ne daga kufai, Amurka na cin karenta ba babbaka. Ga shi kuma 'yan ƙalilan ne suka taɓa biyan kashi 91. Ribar sayar da kadara ko hannun jari kashi 25 kawai ake karɓa, masu rijiyoyin mai suna da rangwame na musamman, lauyoyi da akantoci kuma sun ƙware wajen mayar da albashi ya zama riba, ko motar kamfani, ko asarar da ke kan takarda kawai. A Janairun 1969 sakataren baitulmali Joseph Barr ya shaida wa majalisa cewa a 1966 mutum 155 masu samun sama da dala 200,000 ko sisi ba su biya ba, kuma ba su karya doka ba. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta haifi dokar mafi ƙarancin harajin da dole mai babban samu ya biya.

Kafin nan an riga an fara sassautawa, domin kason ya koma kashi 70 tun 1965. Shugaba Ronald Reagan, wanda yakan ce yana ɗan fim yakan ajiye aiki idan samunsa ya kai matakin da haraji zai cinye sauran, ya sauke shi zuwa 50 a 1982, sannan 28 a 1988, tare da toshe wasu ƙofofin zillewa. Tattalin arziki ya farfaɗo, amma bashin ƙasa ya kusan ninka sau uku a mulkinsa. A 1993 Shugaba Clinton ya ɗaga kason zuwa 39.6, 'yan adawa suka yi hasashen karaya. Maimakon haka kasafin kuɗi ya yi rara daga 1998 zuwa 2001, ko da yake bunƙasar kasuwar hannun jari ta taimaka ƙwarai.

Tun 2018 kason ƙoli kashi 37 ne. Manyan attajiran yau kuwa ba da albashi suke tara dukiya ba, da hauhawar darajar hannun jarinsu ne, kuma ba a taɓa wannan riba sai ranar da aka sayar. Idan mai ita ya rasu bai sayar ba, magada su karɓa a kan darajar ranar rasuwa, ƙarin da ya taru a baya kuma harajin kuɗin shiga ba ya hawa kansa.